Oddmund Flydal, mai ba rana kafaɗa

Kowace safiya Oddmund Flydal yakan ɗauki gorar gahawarsa ya hau dutsen da ke bayan matsayar jirgin fito, ya tsaya yana kallon tsallaken ruwa. Yawanci ba ya ɗaukar hoto. Yakan durƙusa ya share ƙanƙara da kashin tsuntsayen teku daga kan ƙusoshi uku na ƙarfe da ya kafa a dutsen tun kansa da baƙin gashi, ya duba ko tsatsa ta fara cin su, ya sha gahawarsa, ya sauko. Daga nan ya buɗe shagonsa, inda yake ɗaukar hoton fasfo da na jarirai ranar baftisma. Da shagon yake cin abinci. Na kan dutse shi ne aikinsa, kuma bana ya ajiye shi.

Da na tafi karatu Kanada na bar shi a kan dutsen nan. Da na dawo na same shi a wurin, sai dai bayansa ya ranƙwafa. Ban saba yabon mutane ba, to amma wannan ya kamata a rubuta tun yana da rai.

Duk ɗan garinmu Haldvik ya san ranar dawowar rana. Bayan watannin da duwatsu suke tare mana ita, sai wata hantsi ta leƙo ta tsakanin ƙololuwa biyu na kudu, ta ɗan jima, ta koma. Gari kan fito matsayar jirgi da burodi mai zaƙi da gahawa, 'yan makaranta su yi waƙa, kowa ya rufe ido ya miƙa mata fuska. Mutum ɗaya ne ba ya kallon ta. Yana can sama, kansa a cikin baƙin ƙyalle, kyamararsa ta katako a kan ƙafafu uku, kowace ƙafa a kan ƙusarta.

Mutane suna cewa ya juya wa rana baya. Ba baya ba ne, kafaɗa yake ba ta. Hasken da ya zo daga bayan mai hoto yakan shafe fuskar dutse ta fito sumul, kamar babu abin da ke damun ta. Wanda ya zo daga gefe, a kwance, shi ke tona asiri, domin ko tsagar da ba ta fi zare ba sai ta yi inuwa. Dutsen da muke kira Tsohuwa, wanda ya tsaya a tsallake, ba ya samun irin wannan haske sai a 'yan kwanakin nan na dawowar rana. Daga baya rana takan yi sama, inuwar ta gudu. Saboda haka shekara guda ta Oddmund ba ta wuce tsawon shan gahawa kofi ɗaya ba.

Gilashin kyamarar dogo ne, tsoho, kuma bai taɓa sake shi ba. An sha yi masa tayin sabo. Yakan ce sabon gilashi sabon dutse zai ba shi, shi kuwa tsohon yake gadi. Wuri ɗaya, gilashi ɗaya, haske ɗaya, sannan a jera na bana da na bara a ga abin da ya motsa. Manyan duwatsun yankinmu suna da na'urori da masana masu lura da su dare da rana. Ƙanana irin Tsohuwa sun fi ƙarfin lissafi, sai ƙaramar hukuma ta bar masa su, in ya ga wani abu ya kira masanan su hau su auna.

Hotunansa babu mutane a ciki. Ruwa baƙi, gida ƙarami, dutse a kansa. Kuma gidan da ya daɗe yana nuna wa gilashin nan, ƙarshenta mutanensa kan kwashe kaya. Haka aka yi wa gonaki biyu a ƙasan kwari. Ɗaya dutse ya rufe ta a lokacin kaka, da rana tsaka, babu kowa a ciki, masu ita suna tsaye a gari suna kallon ƙurar tana tashi. Ɗayar tana nan har gobe, ko tagarta ba ta fashe ba. Mutane sun fi tuna ta biyun. Suka sa masa suna Hankaka, wai tsuntsun da ke kawo mugun labari. Jostein mai jirgin fito, in ya hango shi da ƙafafun nan uku a kafaɗa, yakan ɗaga murya ya ce don Allah Hankaka ya kawar da abin nan daga saitin gidansa, bai daɗe da yi masa fenti ba. Ana dariya, amma na sha ganin mata suna jan labule in ya wuce.

Oddmund, kai ne ka ɗauki wannan suna ba ka ce uffan ba. Kai ne aka daina gayyata cin abinci a gidajen da ka ɗauki hoton aurensu.

Gida na uku shi ne wanda aka haife shi a ciki. Yana gindin Tsohuwa, fari, da taga ɗaya a sama. Yayarsa Magnhild ce a ciki, ita da awakinta, tun bayan rasuwar iyayensu. Shekarar da ya ga baƙin layin tsaga ya fito a hoto a saman gidan, sai da ya kwana biyu bai buɗe shago ba. Sannan ya kira masana, suka hau, suka sauko fuska a ɗaure. Bai bari su je mata ba. Shi ya ɗauki hoton ya zagaya bakin ruwa ya kai mata har ɗakin girki.

Magnhild ta riƙe hoton nesa da fuska, ta ce ƙarya ne. Ta ce ta san gilashin nan nasa, yana jawo na nesa ya manna a kan na kusa. Tsakanin rufinta da dutsen akwai filin kiwo guda, amma a hoton kamar dutsen ya jingina da bututun hayaƙinta. Ya ce gaskiyarta, dogon gilashi haka yake yi, yana matse tazara. Sai ya fitar da wani na shekarun baya ya ajiye kusa da shi.

"Yaya, ƙaryar da ya yi a wannan ita ya yi a wancan. Gilashin bai sake ba. Dubi abin da ya sake."

Ta duba. Ta tura masa cuku da burodi ta ce ya ci ya tashi. Kafin hunturu hukuma ta rufe hanyar da shinge. Ta sayar da awakin, ta koma wani ɗaki a saman kanti, mai taga da ke kallon wurin ajiye motoci. Daga ranar in sun haɗu a coci sai dai ta gyaɗa masa kai, kamar yadda ake yi wa mai kawo wasiƙa.

Dutsen bai faɗo ba. Gidan ya tsaya fari tas a tsallake, babu hayaƙi, babu akuya.

Hoton dawowar rana na shekarar da ta biyo ya fito da abin da ba a nema ba. A tagar sama ta gidan da babu kowa, akwai wani fari-fari mai tsayin mutum, ba fuska, ba hannu, kamar hayaƙin da ya tsaya yana kallon gari. Jostein ne ya gan shi a kan teburin shago, kafin azahar labari ya gama gari. Aka ce fatalwar mahaifiyar su Magnhild ce ta ƙi tashi. Masunta suka fara kauce wa gaɓar nan. Shekara ta zagayo, abin ya sake fitowa a taga ɗaya.

Oddmund bai ji tsoron fatalwa ba. Abin da ya gani ya fi ta ban tsoro. Don komai ya fito tar, tun daga ƙofar gidan har ƙololuwa, yakan ƙuntata idon kyamarar ya bar shi a buɗe na ɗan lokaci. A irin wannan ɗauka, abin da ya tsaya cak shi ke fitowa, mai motsi kuwa hayaƙi yake zama. Ke nan abin da ke tagar motsi yake yi. Ya sa gilashin ƙara girma a kan hoton, ya ga ɗan maiƙo yana ƙyalli a jikin tagar. Nan ya tuna. Mahaifiyarsu takan shafa man shanu a inda rana ta fara taɓawa a gidan, wai a ba baƙuwa abin taɓawa don ta sake dawowa. A duk garin mutum ɗaya ce ta rage mai yin haka, kuma ba a taɓa ganin ta a matsayar jirgi ranar burodi ba.

Ga shi kuwa lokacin ne mafi muni. Rana ta taɓa dutsen da ya yi watanni a daskare, ƙanƙarar cikin tsaga ta saki, ruwa ya shiga. In Tsohuwa za ta motsa, a irin makonnin nan ne.

Ya same ta a matakalar kanti ya ce ya san wace ce a tagar. Ta ce ai kowa ya sani, Inna ce, ya je ya tambayi Jostein. Ya ce zai gaya wa hukuma su sa wa ƙofar ƙarfe. Ta ce ya raba ta da gida, ya raba ta da awaki, in yana so 'yan sanda su fito da ita a gaban gari, to ya cika aikinsa. Bai gaya wa kowa ba. Shekaru ya yi yana shiga cikin baƙin ƙyallen nan, yana daidaita gilashi a kan tsagar da ke ƙaruwa, ya san yayarsa tana ƙarƙashinta da man shanu a yatsa. Wanda yake ganin aikin nan kallon tsaunuka ne kawai, ya tsaya a nan ya yi tunani.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Likita ya ba shi ranar tiyata, amma sai bayan dawowar rana. Ya hau matakalar nan ya buga ƙofar Magnhild.

"Yaya, ba na gani."

"Ka daɗe ba ka gani."

Ya ce da gaske yake. Zai iya kafa ƙafafun, zai iya sa fim, amma ba zai iya gane ko hoton ya daidaita ba, kuma in bana ta wuce babu hoto, sarƙar ta tsinke. Ita kuwa ta doshi tamanin tana zura zare a allura ba tabarau. Ta tambaye shi ko duk garin idanu sun ƙare. Ya ce a'a, amma babu wanda ya san fuskar Tsohuwa kamar wadda ta yi kiwo a kanta. Ta ce dabara ce. Ya ce rabi dabara ce, rabi makanta. Ta rufe ƙofa.

Ranar dawowar rana muna matsayar jirgi muka ga mutum biyu a kan dutsen. Ta zo da ɗan ƙunshi a aljihun rigar sanyi, daga gani hanyar tsallake ta nufa, ta biyo ta nan. Ya ɗaga mata ƙyallen ta shiga. A gilashin bayan irin wannan kyamara komai a kife yake fitowa, sai ta ga gidan ubanta a rataye, kai ƙasa. Ta ce ya kife mata gida a karo na biyu. Ya kama hannunta ya ɗora a kan abin murɗawa, ya ce ta juya a hankali har sai ta iya ƙirga katakon bango.

Sai ranar ta leƙo. Yara suka ɗauki waƙa a ƙasa. Hasken ya kwanta a fuskar dutsen, ya bi ta a hankali, baƙin layin ya buɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Magnhild ba ta motsa ba. Ya ce yana jin numfashinta a cikin ƙyallen.

"Da ina yarinya, akuya kan tsallake wurin nan," in ji ta.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba ta tsallakewa." Ta ƙara murɗawa kaɗan. "Ya daidaita. Ɗauka."

Ya ɗauka. Ta fito tana ƙifta ido, ta buɗe ƙunshin, ta tsaya tana kallon tsallake har hasken ya fara janyewa daga tagar. Sannan ta sunkuya ta shafa man shanun a kan dutsen da suke tsaye, tsakanin ƙusoshin. Ta goge yatsa a ƙyallensa, ta ce kada ya ɗauka ta yafe masa. Ya ce bai ɗauka ba. Suka sauko tare, tana riƙe da hannunsa saboda santsi, tana yi masa faɗa wai yana taka ƙafa kamar ɗan maraƙi.

Hoton bana yana rataye a shagon. Tsagar ta fi ta bara. Tagar babu kowa. Jostein ya ce ko fatalwa ta san lokacin tashi.

Oddmund Flydal, mun gode. Kai ne ka tsaya da kafaɗa lokacin da kowa ya miƙa fuska. Abin da ka yi mana ba a iya nuna shi da yatsa, domin jana'izar da ba a yi ba ba ta da kabari. Mun ja maka labule, mun kira ka Hankaka, ka ci gaba da hawa.

Ya miƙa kyamarar da gilashin ga ƙaramar hukuma, ƙusoshin suna nan, kuma har yau ba a sami mai karɓa ba. Ana neman mai haƙurin jiran haske shekara guda, wanda zai iya faɗa wa nasa abin da ba sa son ji. Duk wanda ya ji zai iya, ya hau dutsen da safe. Zai same shi a can da gorarsa. Wani lokaci zai sami Magnhild ma, tana kallon farin gidan da ke tsallake, wanda har yanzu yake tsaye.