Ƙwan Fitilar da Inna Sabuwa Ke Sa wa Albarka

Ilu direba ne a Sule Tankarkar. Shekararsa goma sha bakwai yana jan a-kori-kura, yana ɗaukar buhunan gero da riɗi zuwa Gumel, ran Alhamis kuma ya kwashi awaki da masu awakin zuwa kasuwar Maigatari. A tasha an san shi da abu biyu. Na farko, yana tafiya da fitilun ƙasa a kunne ko da rana tsaka, wato ƙananan fitilu biyu masu ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin bamba, don mutanen ƙauye su gane motarsa tun daga nesa su fito da kaya bakin hanya. Na biyu, tun da ya yi wayo bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba.

Mahaifiyar tasa, Inna Sabuwa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun kafin a haife shi. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗar sunansa, Mai Mota take ce masa. A gidan akwai doka: duk abin da aka saya wa mota sai ya bi ta hannunta ta sa masa albarka. Taya ta shiga tsakar gidan nan, batir ya shiga, har salansa an taɓa jinginawa kusa da turminta.

Bara da damina fitilar hagu ta mutu. Ta dama kuwa, wadda ta zo da motar, ko gezau. Ilu ya sayo ƙwai a Gumel ya kai wa Inna. Ta zare shi daga kwali, ta murza shi a tafin hannu, ta yi addu'a ta tofa, ta miƙo masa. Ƙwan ya yi sati bakwai ya mutu. Na biyu ya yi sati huɗu.

Daga nan aka fara kai motar wajen Dalhatu, mai gyaran wutar mota a bayan tashar Gumel. Dalhatu ya canja fis. Ya canja soket. Ya bi waya tun daga batir har bamba yana ɓare ta kamar rake. Ya auna caji ya ce lafiya lau. Ya zargi ruwan sama ya liƙe gilashin da gam, ya zargi gargadar hanyar Gagarawa ya cusa guntun tsohon silifa a bayan fitilar. Kowane lokaci Ilu yakan karɓi sabon ƙwai a kwali ya ce zai saka da kansa a gida.

A tasha kuwa suna ya riga ya canja.

"Mai ido ɗaya, yau Maigatari za ka ko asibitin ido?" in ji masu lodi.

Wani Bafillace da ya daɗe yana ba shi awaki ya bar motar ta wuce shi a bakin hanya, don ya ɗauka babur ne.

Inna da ta ji ƙwai na biyar ya mutu, ta ce wannan baki ne, mutane sun sa wa motar ido. Sai ta ƙara himma. Da can murza ɗaya take yi, yanzu sai ta ajiye tuya ta zauna da ƙwan, ta juya shi ta sake juyawa, har ya riƙa sheƙi. Na bakwai ya yi kwana tara. Na takwas bai kai Gumel ba.

Ranar ne Dalhatu ya ce a kawo masa gawarwakin ƙwayayen. Ilu ya juye su daga leda a kan benci. Kowanne ya kumbura gefe guda, ya yi baƙi kamar an ɗiga masa kwalta. Dalhatu ya ɗauki ɗaya ya duba, sannan ya kai hanci. Ya ɗauki wani ya sake shinshinawa.

"Malam Ilu, motarka ƙuli-ƙuli take ci?"

Dalhatu ya nuna masa baƙin tabon da ke jikin gilashin.

"Irin wannan ƙwan ba a taɓa gilashinsa da hannu. Ko gumin yatsa ya hau shi, in ya yi zafi wurin ne zai ƙone ya fashe. Wannan kuwa ba taɓa shi aka yi ba, soya shi aka yi. Wa ke riƙe maka shi?"

"Inna ce."

Dalhatu ya ajiye ƙwan a hankali. Ya ce wata huɗu yana neman laifi a jikin waya, ashe laifin yana Sule Tankarkar yana tuya. Ya ba da shawara a sayi biyu, ɗaya na albarka a jefa a aljihun mota, ɗaya na aiki. Ilu ya ce shi bai taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma a kan ƙwan fitila zai fara ba.

"To je ka ce mata hannunta ne ke kashewa."

Wannan ma bai iya ba. Sati biyu yana yawo da sabon ƙwai a aljihun riga, bai saka ba, bai nuna ba. Ya rame har masu lodi suka daina tsokanarsa.

Wata Juma'a da hantsi ya same ta tana matse tunkuza, mai yana bin hannunta har gwiwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito da kwalin, amma ya riƙe shi gam.

"Inna, mai gyara ya duba. Ya ce ƙwan nan ƙarami ne, abin da ke hannunki ya fi ƙarfinsa."

Ta dubi kwalin, ta dubi hannunta.

"Man ne?"

"Shi ne, Inna."

"Shi ya sa kake zagaye gida sati biyu kamar kazar da ke neman wurin ƙwai? Kai Mai Mota, tun kana tsumma nake shafe ka da man nan, ga ka har da furfura. Abin da ba ya jure man gyaɗa, ina zai jure hanyar Maigatari? Je ka saka abinka da tsumma, ka kawo mini motar ƙofar gida."

Ya saka, ya kawo. Ta fito da hannunta yadda yake, ta shafe gilashin fitilar ta waje, ta shafe na dama, ta bi bamba daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta tofa.

Ƙwan na tara yana nan yana ci, wata goma sha ɗaya ke nan. Duk Alhamis kafin ya tashi sai Inna ta shafe gaban motar. Abin da kawai ya ƙaru shi ne, da zarar ya tsaya a Maigatari, awakin kasuwa sukan taru a gaban motar suna lasar bamba, sai ya kore su kafin ya samu wurin sauke kaya.