Rabin Waƙar Shanu

Ni ban iya jira ba, tun ina ƙarama. Kakata, wadda duk layinmu a unguwar Sabo ke kira Iya Mai Awara, ta fi kowa sanin haka. Bayan magariba, idan ta kwashe kaskon ƙarshe, ba ta kashe wutar. Takan ja kujerarta kusa da murhu, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye ta, hannuwanmu duk mai da yaji. Baburan okada na wucewa, janareton mai aski na ta ihu, amma da ta ce, "Ga wata nan ta iso, ku matsa mata," sai ka rantse babu kowa a titin.

Iya ba da baki kawai take tatsuniya ba. Idan tsohuwa ce za ta yi magana, sai ta lanƙwashe ta dogara matsamin awara kamar sanda. Idan kura ce, ɗankwalinta zai sauko ya rufe ido ɗaya. Kuma tana da wani hali mai ƙona mini rai: daidai inda labari ya yi zafi sai ta yi tsit, ta kama gyaran garwashi.

Wani dare ta kawo labarin wata yarinya da ta je wurin wata tsohuwa koyon waƙar kiran shanu. Tsohuwa ta koya mata rabi, ta ce ta dawo bayan kwana bakwai ta karɓi rabin da ke tsayar da su. Yarinya ta ce wa zai jira. Ta hau tudu ta rera, shanun ƙasar kaf suka taso a guje, ƙasa na girgiza, suka nufo ta. Nan Iya ta yi shirun nan nata.

Na kasa daurewa. "Iya, na san ƙarshen! Tattake ta za su yi."

"Au, kin sani? To Malama Bilki, bismilla, ƙarasa mana."

Na ɗauko labarin, ya watse mini tun kafin shanu su iso. Yara suka kwashe da dariya. Iya ta yayyafa wa wutar ruwa ta shige ɗaki. Washegari na roƙe ta, ta ce, "Ai kin sani, uwar gaggawa." A shekarar muka raka ta tashar motar Ojoo za ta ga dangi a Arewa, can rai ya yi halinsa.

Da na gama sakandare na shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar Mokola. Shugabarmu, Anti Folake, shekara huɗu ta yi a jami'a tana karantar wannan sana'a. Watan jiya ta ba ni matsayin uwar da aka kawo wa labarin rasuwar ɗanta. Na kurma ihu, na faɗi ina birgima. Ta ce in tashi, ta kira Kemi, wadda ita ma ta yi karatun. Kemi ta hau matsayin, ba ihu ba birgima. Ta dubi tafin hannunta, ta ci gaba da ninke zanin da ke gabanta, a hankali. Ni da nake jin haushinta sai ga hawaye a fuskata.

Anti ta ce, "Muryarki na jawo mutane, Bilki. Amma in sun zo ba ki san abin da za ki yi da su ba." Matsayin ya koma hannun Kemi. Na ce wa Anti ta koya mini kafin wasan ranar Asabar. Ta yi dariya ta ce, "Oya, maza je ki nemi jami'a."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin faɗan da ake yi wa mara haƙuri. Yanzu na ga sana'a Iya ke nuna mana a bakin murhun, ni kuwa na tashi da rabinta.

Baba so yake in bar wasan banza, in ji shi, in zauna masa a shagon yadi. Jiya da safe na ajiye masa takardar neman shiga jami'a kusa da kofin shayinsa. Ya karanta sunan fannin sau biyu.

"Shekara huɗu don a koyi kwaikwayon mutane? Iya jami'a ta je?"

Na ce, "Ba ta je ba, Baba. Amma ta rasu. Wa zan tambaya?"

Ya sake duban takardar. Sannan ya ce in miƙo masa biro ya sa hannu.