Na Tsaga Kunnen Shanun Buba

Ku samarin da ke ganina a kasuwar dabbobi ta Dakoro ina jan igiyar shanun mutane, ba ɓarawo aka haife ni ba. Lebura nake wurin masu yi wa shanu allura tun zamanin Nasara. Ni ke kama ƙaho, ni ke kayar da bijimi, har aka saba a miƙo mani allurar in soka, don hannuna ba ya rawa. In an gama sai in tsaga kunnen saniya da wani almakashi na musamman. Wannan tsaga ita ce shaidar an yi mata rigakafin bushiya, cutar nan mai sa idon saniya hawaye, baki dalala, zawo ya ƙarasa ta. Duk ma'aikacin da ya ga tsagar sai ya wuce, ba ya sake yi mata.

Da ƙasa ta samu mulkin kai aka ce za a ɗauki ƴan ƙasa a matsayin masu allura. Na wanke rigata na tafi, furfura ta fara fito mani a gemu, ina ganin ai aikin nawa ne. Babban ma'aikatan ya dube ni ya nemi takardar makaranta, ya ce, "Ina sartifikarka ta lakwal?" Na shimfiɗa masa hannuwana na ce ga ta. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗauke ni ba. Aka ba wani saurayi mai suna Isufu, wanda na girmi ubansa. Wallahi yaron bai raina ni ba. Har gida ya same ni ya ce, "Baba, ka zauna mu yi tare, ka koya mani kama bijimi, ni kuma in nuna maka abin da aka karantar da mu." Zuciya ta ɗebe ni na ce ba zan riƙe wa ɗan cikina ƙaho ba. Ranar da na bar aikin na sa tsohuwar allura guda da almakashin cikin aljihu, ina gaya wa kaina ladan wahalata ne.

Da farko ragowar kwalaben magani na kwasa na shiga daji da su a cikin jakar burgame, ina yi wa shanu allura ana biyana. Na sha ganin ana ajiye su cikin akwatin ƙanƙara, amma na ɗauka iyayi ne irin na Nasara. Makiyaya sun san fuskata, ba wanda ya tambaye ni komai, sai "Likita ya zo!" Da maganin ya ƙare na tsaya ina jujjuya kwalbar a hannu. Sai na cika ta da ruwan rijiya da ɗan gishiri. Na farkon da na soka wa, abin ya tsaya mani a rai har zuwa azahar. Na biyu bai dame ni sosai ba.

Haka na isa rugar Buba, arewa da Bader Goula. Buba Bafillace ne, aminina tun ina lebura, bai taɓa barina na tashi daga wurinsa ba tare da ƙwaryar nono ba. Ya ce, "Likita, Allah ne ya kawo ka, an ce cutar ta ɓullo gabas." Ya tara mani garkensa duka, jajaye masu dogon ƙaho, gadon ubansa. Na soka masu ruwan gishiri, na bi su ɗaya ɗaya na tsaga kunne. Wata ƴar karsana ce kawai ta ƙi. Ta harbe ni a ƙauri, ta tsinke igiya ta shige daji. Na bi ta da zagi, Buba yana dariya yana cewa in yi haƙuri, haka uwarta take.

Ban bar yankin ba sai ga ƙarar kamiyo, babbar motar ma'aikata, a bakin rijiya. Masu allurar gaskiya ne, Isufu na gaba. Na ja Buba gefe na ce kada ya ambaci sunana, ya san hassadar ma'aikata. Na ja rawani na rufe fuska, na laɓe bayan raƙuman Buzaye ina leƙe. Isufu ya shiga cikin shanun yana ɗaga kunnuwa. Na ji ya ce, "Baffa, ai an yi wa waɗannan. Wa ya yi?" Buba ya ce, "Likita ne." Yaron ya ɗauka wani ayarin ma'aikata ne ya riga shi, ya sa aka kore su gefe. Karsanar nan kaɗai aka kayar aka yi wa.

Ku ji nan da kyau. Tsakanina da Isufu bai fi jifa ba, ga akwatin ƙanƙara a buɗe cike da magani. Kalma guda zan faɗa a ceci garken. Na buɗe baki, sai na hango jandarma zaune a inuwar kamiyo, bindiga a kan cinya. Na ƙara jan rawani na koma bayan raƙuma. Ina tsaye a nan har suka naɗe kaya suka tafi.

Na gudu garin Mai Yara wurin ƙanwata. Can labari ya same ni cewa bushiya ta shiga rugar Buba, ungulu sun ƙoshi har ba su iya tashi. Daga ranar ban sake cin tuwo na ji daɗinsa ba. In na hango mai malafa da sanda a kafaɗa sai in sake hanya. Na daina zuwa masallaci, na daina zama ƙofar gida, ko akuya ta taɓa zana sai in zabura. Ƙanwata ta ce, "Yaya, wai mutum ka kashe?" Na tashi na shige ɗaki. Ranar da jandarmomi suka yi sallama, na rantse maku wani sanyi na ji, don su na san inda za su kai ni, Buba ne ban san abin da zai yi mani ba.

A gaban alƙali Isufu ya yi bayani cewa maganin nan in ya ji zafi ya mutu. Ashe tun kwalaben farko da nake taƙama da su, banza nake soka wa shanun mutane. Shekara da shekaru ina ɗaukar akwatin nan a kaina ban taɓa tambayar dalilin ƙanƙarar ba, kuma da aka zo har gida za a gaya mani, na kori mai gayawar. Aka kai ni gidan kaso a Maradi. Ba duka ko yunwa suka fi cin raina a can ba, tunanin ranar fita ne.

Da aka sallame ni na dawo Dakoro ina bin bango. Ranar kasuwa sai na ji an ce, "Likita." Ban juya ba na san muryar. Buba ne, ya rame, yana kora wa wani ɗan kasuwa shanu. Na durƙusa cikin kashin shanu na ce ya yi mani duk abin da ya ga dama. Ya daɗe yana dubana, sandar na hannunsa. Sai ya nuna mani wata jar saniya da ɗan maraƙi a gefe, ya ce, "Ka gane ta? Ita ce ta harbe ka. Duk cikinmu ita kaɗai ta san ka." Ya kora shanunsa ya wuce. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar sake roƙo ba.

Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon ku. In an hana ku aiki don ba ku da takarda, abin da ciwo, na sani, amma kada haushi ya sa ku ɗauki kayan aikin da ba a ba ku ba. In yaro ya san abin da ba ku sani ba, ku zauna ku ji. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun akwatin magani na buɗe, ko da jandarma na zaune. Ni na ji tsoron kaso na yi shiru, kason bai fasa cina ba, shanun Buba kuma ba su dawo ba.