Hoton Farko

Mai Hoto ake kiransa a asibitin, ko da yake bai taɓa ɗaukar hoton kowa ba. Yana saurayi aka tura shi koyon sarrafa na'urar hoton ƙirji, domin an yi wa asibitin kyautar guda. Ya dawo ya tarar da ita cikin akwatinta a baranda, ana jiran wutar da za ta iya ɗaukarta. Wutar ba ta zo ba. Masu jinya suka mai da akwatin wurin zama, shi kuma aka bar shi yana kwatanta wa masu tari hanyar babban asibiti, inda yawancinsu ba sa kaiwa.

A haka ya yi furfura. Matarsa takan ce, "Maigida, yau wa aka ɗauka?" Yakan ce, "Akwati."

Bayan ya yi ritaya tari ya kama shi, ya ƙi saki. A shekarar aka kawo ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, da kai za mu fara."

Ya riƙe numfashi tun kafin ta umarce shi. Da hoton ya fito, ya ga farin da ya cinye huhun dama, ya san ma'anarsa ba sai an kira likita ba.

"Ya fita sosai, 'yata," in ji shi. Sannan ya koma baranda, ya zauna kan akwatin yana jiran matarsa.