Mayafin Inna a Tsakiyar Bazara

Idan hanya ta bi da kai Bodinga, ka shiga asibiti ka tarar da wani dogon likita mai furfura a gefen kunne, gaishe shi yadda ake gaida kowa. Ka ce, "Likita, yaya zafi?" Zai ce maka, "Lokacinsa ne," ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Dakta Maniru ke nan. Waɗanda suka san shi a shekarar da ya zo za su gaya maka da ba haka yake amsawa ba. A wancan lokaci, in ka yi gangancin tambayarsa zafi, to sai ka nemi wurin zama.

A Horo Birni aka haife shi, can ƙasar Shagari, kuma shi ne ɗan fari wurin mahaifiyarsa Kaltume, wadda kowa ke kira Inna. To, ka san yadda mutanenmu suke da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi, sai ka rantse ɗan maƙwabta ne. Ana yaye shi ƙanen mahaifinsa, Baffa Sama'ila tela, ya karɓe shi riƙo. Ba a jima ba Baffa ya naɗe keken ɗinkinsa ya koma Jos neman kasuwa, ya tafi da yaro. A can Maniru ya yi wayo, a can ya yi karatu har ya zama likita, a can ya auri Mariya suka haihu. Gida kuwa sai da Sallah, ya kwana biyu ya juya. Ya durƙusa a bakin ɗakin Inna ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana duban bango. Abin na yi masa ciwo tun yana yaro, amma da ya girma sai ya ɗauke shi a matsayin ƙauyanci, ya daina damuwa.

Wata rana ƙanwarsa Nana Hauwa, wadda ke aure a Dandin Mahe, ta buga masa waya. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Yaya, Inna na ramewa, kuma ta ƙi hwaɗin abin da ka damunta. In da hali ka matso kusa." A gaskiya dole a yaba masa a nan, domin bai tsaya jan ƙafa ba. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, shi ne babba. Ya ajiye aikin Jos, ya nemi wani a jiharsu, aka tura shi Bodinga, wadda ba ta da nisa da Horo Birni. Mariya da yara suka tsaya a can har a kammala shekarar makaranta. Abu ɗaya ya kawo shi, ya gano me ke cin mahaifiyarsa tun lokaci bai ƙure ba.

Sai dai ya sauka a mummunan lokaci, farkon bazara.

Kai! Mutumin da ya saba dafa ruwan wanka, ga shi yau sai ya tara ruwa a bokiti ya jira ya huce kafin ya iya zuba wa jikinsa. Ya zo da barguna biyu da rigunan sanyi cike da akwati, suka zauna a kan kujera suna yi masa dariya. Katifa kamar an ɗora ta a kan murhu. Sitiyarin mota ba ya taɓuwa da azahar sai ya naɗe shi da tawul. Ƙuraje suka feso masa a wuya da baya, likita guda yana susa a gaban marasa lafiya. Tun daga nan bakinsa ya buɗe, bai kuma rufe ba.

Komai sai ya auna shi da Jos. Mai shayi ya gaishe shi da zafi, sai ya ce, "Zafi? Wannan ai azaba ce. A Jos yanzu haka sai ka sa hula ka rufe kunne." Ya shiga kasuwar Bodinga ya ce ina kabeji, ina karas, ina dankalin turawa, shi ba ya ganin komai sai albasa, albasa a gaba albasa a baya. A Jos, in ji shi, mutane suna aiki har yamma, nan kuwa rana na take tsaka gari ya mutu, kowa ya kwanta gindin darbejiya, har awaki. Mutane suka riƙa murmushi suna cewa, "Haka ne, Likita, sai haƙuri." A bayan idonsa kuwa suka laƙaba masa Dakta A-Jos. Ba wanda ya gaya masa a nan ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Wa zai gaya wa likita?

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne marasa lafiyar kansu. Ya kan ce mutumin Jos in ya shigo zai nuna maka inda ke ciwo, ya gaya maka tun yaushe. Na nan kuwa za a kawo shi ranga-ranga a bayan babur, ka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ya faɗi wannan magana ya fi sau nawa, yana buga tebur. Wallahi da ya saurari bakinsa sau ɗaya tak, da labarin nan ba haka ya ƙare ba.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci yakan kama hanyar Shagari ya ratse zuwa Horo Birni. Ya tarar an share inuwar rumfa an shimfiɗa masa tabarma, ga ruwan randa mai sanyi a kwanon sha, ga fura an dama ta da kindirmo. Ba ya ganin wanda ya tanada. Inna tana cikin ɗaki, a gefen gado, ta ƙudundune cikin mayafi mai kauri, ga kasko a gabanta turaren wuta na tashi kamar ɗakin amarya.

"Inna, yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji ta, fuskarta na wajen bango.

"Haba Inna! Wannan zafin, kin rufe jiki ruf, ga hayaƙi, ga taga a toshe. Ta ina za ki sha iska? Ai dole ki rame. Miƙo hannu in auna jininki."

Ba ta miƙa ba. Ta ƙara jan mayafi ta ɗaga murya kaɗan, ba da shi take ba, da Nana Hauwa take, wadda ta dawo gida jinya, tana tsakar gida. "Ke, ce ma baƙon ga ya sha hurarshi kar ta yi tsami."

Haka aka yi ta yi. Ya lura ba ta ɗaga hannun hagu, ya ce kwanciya ce a ɓari ɗaya. Ya lura ba ta cin abinci, ya ce shi ma tun da ya zo garin nan bai ci ya ƙoshi ba. Ya lura da wani wari a ƙarƙashin ƙanshin turaren, ya ce ɗakin ƙasa ne da ba ya samun iska. Ga amsa ɗaya a aljihunsa, kuma kowace tambaya ta zo ita yake zarowa, zafi. Ya kawo maganin ƙarin jini da garin gishiri da sukari na haɗa ruwa, ya sayo mata fanka mai caji da hasken rana. Nana Hauwa ta taɓa tare shi a zaure tana murza gefen zane, ta ce, "Yaya, da za ka zo da mace ta duba ta." Ya ce ai ya yi wannan tunanin, akwai wata nas mai hankali a wurinsu, amma bari ruwa ya sauka tukuna. Wa zai jawo baiwar Allah cikin wannan rana zuwa ƙauye? Da an yi ruwan farko jikin tsohuwa zai warware, in bai warware ba sai a zo da nas.

Nana Hauwa ta waiwayi ɗakin Inna, ta ce masa to ya je ya sha fura ya huta tukuna.

A ranar ce Mariya ta kira shi yana zaune a rumfa. Tsakaninsa da ɗakin Inna labule ne kawai. Shi kuwa mutum ne mai murya, in yana waya sai na bayan katanga ya ji. Ta ce masa an yi yayyafi a Jos, yara har sun sa rigar sanyi. Abin ya soke shi. Ya ce, "Ku kuna duniya, Mariya. Ni nan gasuwa nake. Ban yi barcin kirki ba tun da na zo, jikina duk ƙuraje, na rame na lalace. Wallahi ba don Inna ba, ko kwana ɗaya ba zan ƙara a ƙasar nan ba." Ya kashe waya ya shanye furarsa. Bai ma tuna ya faɗa ba.

Juma'ar da ta biyo ya tarar da Inna a tsakar gida, abin da bai taɓa gani ba tun zuwansa. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, da faifai a cinya, tana tsince gero da hannu ɗaya. Ta sa kwalli, ta ɗaura sabon kallabi. Ya yi murna ƙwarai, ya ce, "Kin gani ko? Iska kawai kike buƙata." Ta dubi geron ta ce da Nana Hauwa, "Ce ma mutumen Jos na samu lahiya. Ya koma ga iyalinshi, ɗiya na bukatar ubansu." Nana Hauwa ta maimaita masa kamar bai ji ba. Shi kuwa gogan naka ya koma Bodinga yana fito a mota, yana lissafin cewa in damina ta kankama ya ga ta murmure, zai fara neman hanyar komawa. Bai sani ba, motarsa na fita gari Inna ta kife a kan faifan, sai ɗaukarta aka yi zuwa ɗaki.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, yana tsakiyar duba marasa lafiya, Nana Hauwa ta kira. Kuka kawai take. Ya bar komai ya taho.

Ya tarar da mata cike da tsakar gida, suka dare suka ba shi hanya, ba wadda ta dube shi. Inna na kwance, idonta a rufe, numfashi na fita da ƙyar. Turaren ya mutu a kasko, ba wanda ya tuna ya ƙara. Warin ya buge shi tun daga bakin ƙofa, kuma wannan karon hancinsa na likita ya gane shi. Ya durƙusa, ya ɗauko abin sauraron ƙirji, ya ɗaga mayafin, karon farko a rayuwarsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon daji ne. Ya cinye nonon hagu ya haura hammata, an lulluɓe shi da dakakken ganye da tsumma. Ba ciwon wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba. Ya sha ganin irinsa a Jos, ya san irin raɗaɗin da ke tare da shi, ya san manyan maza na ihu a kansa. Ko da warkewa ta wuce tun kafin ya zo, ai akwai maganin kashe raɗaɗi, kuma makullin kabad ɗin da ake ajiye shi na cikin aljihunsa a wannan lokacin. Duk Juma'ar nan da yake zaune a rumfa yana shan fura, da wannan take zaune a bayan labule, ko nishi bai taɓa ji ba.

Yana durƙushe haka sai ya ga hannunta na dama ya motsa. Ya zaci shi take nema, ya miƙa nasa. Ashe mayafin take lalube. Ta kamo gefensa ta ja shi a hankali ta rufe ƙirjinta. Kafin la'asar Inna ta cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, maza na zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, ya kasa zama. Ya shiga ciki ya sami Nana Hauwa a bayan rumbu. Baƙin ciki ya juye masa ya zama faɗa, domin ya rasa wanda zai kama.

"Kin sani! Ke kike wanke mata, ke kike sa mata ganyen. Duk matan gidan nan sun sani. Ni da na bar aikina, na bar iyalina, na zo na zauna a ƙarƙashin hancinku, a rasa mai gaya mini? Wace irin kunya ce wannan da za ta kai mutum kabari? Wallahi a Jos—"

"Yaya, don Allah bari Jos ɗin ga haka nan."

Bai taɓa jin ta katse shi ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta dube shi sosai.

"Kunya kam akwai ta. Ba ta iya buɗe maka jikinta, kai ma ka sani. Amma na sha kanta, Yaya. Na yi ta roƙo hat ta yarda. Tac ce in kaz zo Juma'a in gaya maka komi, ka kawo macen ta duba ta. Shi ya sa nat tare ka a zaure. Na hwara, kac ce sai ruwa ya sauka, nac ce to bari ka sha hura ka huta in ƙarasa maka. Sai kay yi waya."

Ya tsaya yana kallonta. Wace waya? Sai da ya yi tunani kafin ya tuno.

"Kana hita tak kira ni, tas sa ni rantsuwa. Tac ce in ka sani ba ka tahiya, kana nan sai ta mutu, kuma ba ta san ranar ba." Nana Hauwa ta waiwayi ƙofar ɗakin Inna. "Tac ce a ƙyale yaron ga, zahin garin ma ya ishe shi."