Matar da Na Haɗa a Bayan Habibu

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Kazaure, muna buga takardu da ɗaukar fasfo, yau an fi shekara goma. To ni da ma ba na iya zama haka kawai, in babu kwastoma sai in ɗauko hotunan abokaina in mayar da su dodanni, wannan in zaro masa haƙora, wancan in mayar masa da ido jawur in zuba masa jini a baki, in tura musu a waya a yi ta dariya a majalisa.

Akwai abokina Habibu, tela ne, mutumin Roni amma a Kazaure yake ɗinki. Shi cewa ya yi kar in taɓa masa fuska, in dai sa masa abin tsoro a bayansa. Sai na shiga cikin fasfon mutane da suka taru a kwamfutar, Allah ya yafe mini, na yanko goshin wata, idon wata, hancin wata, bakin wata, mata huɗu dai na haɗa suka zama mace ɗaya, na shafe ta da baƙi, na farar da idanun, na tsayar da ita a bayansa. Ya ji daɗi sosai, har ya ɗora a fuskar wayarsa.

Bayan sati biyu, da hantsi, sai ga shi a shago ko sallamar kirki babu. Ya ce in hau babur, Innarsa na nemana a Roni. Wai ta ga hoton a wayarsa, kuma kwana biyu ke nan ba ta sa komai a bakinta ba. Duk hanyar nan ina ta shirya yadda zan ba da haƙuri.

Da muka isa na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, ina ka samo hoton Yaya Hajara?"

Na ce, "Inna, ba hoton kowa ba ne, haɗawa na yi, wasa ne kawai."

Ta ce, "Ni za ka gaya wa? A gado ɗaya muka tashi. Kuma har ta koma ga Allah ba a taɓa ɗaukarta hoto ba." Sannan ta ce ba faɗa ta kira ni ta yi mini ba, so take in wanke wa yayarta wannan dattin da na shafa mata, in kawo mata ita a takarda.

Na koma shago da azahar, na zauna, na tashi, na sha ruwa, na sake zama. Ni dai na san abin da ke ƙarƙashin baƙin nan faci ne, kowane yanki da launin fatarsa. Na cire baƙin, na cire farin idon, sai ga fuska guda ɗaya sumul, babu mahaɗi ko ɗaya, dattijuwa ce mai wushirya, da bille a kuncin hagu, tana kallona a natse. Na buɗe fasfon matan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, wallahi duk 'yammata ne, babu mai bille, babu wadda ko haƙorinta ya fito. Na buga hoton, na sa a ambulan ban ƙara kallo ba.

Da la'asar ni da Habibu muka kai wa Inna. Ta riƙe takardar ta daɗe tana dubawa, tana shafa billen da babban yatsa, hawaye na zuba. Ta sa aka kawo mata fura ta sha. Har na fara jin sanyi a raina, sai Habibu ya tambaye ta wai yaushe ne ma Yaya Hajarar ta rasu, don shi bai taso ya gan ta ba.

Ta ce, "Ko aure ba ta yi ba, tana budurwa ruwa ya tafi da ita wata damina, ba a ga gawarta ba." Ta sake duban hoton ta ce, "Ashe ita ma ta tsufa."

Ban san yadda na fito daga gidan nan ba. Washegari na goge komai daga kwamfutar, ban kuma daɗe ba na bar aikin. Na tambayi malamai biyu, kowa addu'a ya ba ni, babu wanda ya ce mini ga abin da ya faru. Hoton yana nan rataye a ɗakin Inna, in na je Roni daga tsakar gida nake gaishe ta.

Don Allah masu wasa da hotunan mutane a waya ku yi hattara. Fuskar da kake ganin kai ka ƙirƙira, ba ka sani ba ko tana da mai ita.