Sunan Aro a Kan Kabarin Yayana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Istifanus Prosser, kuma har yau in na tsaya a gaban kabarinsa a nan jihar Maryland sai in ji kamar na yi ɓatan kai na zo wurin wani. A jikin dutsen an sassaƙa tambari, kan barewa da takubba biyu a gicciye, a ƙasa kuma wasu kalmomi na yaren mutanen Wales waɗanda ban iya karantawa ba. Duk wanda ya gifta zai ɗauka wani Bature ne kwance a wurin. Alhali kuwa ɗan Bukuru ne, wanda ya tashi yana satar wanka a kududdufin kuza, Mama tana jiransa a ƙofar gida da bulala.

Bari in fara da inda sunan ya fito, domin a nan duk maganar take. Kakanmu Gotom mutumin Angas ne, daga wani ƙauye a bayan Pankshin. Ya sauko barikin kuza neman aiki, ya zama kukun wani Bature manajan haƙa mai suna Prosser, wanda mutanen bariki suke kira Furosa. Da za a sa Babanmu makarantar mishan, malamin bai tambayi sunan uban yaro ba, gidan da yaro ya fito ya tambaya. Haka ake yi a wancan zamani, wani a rubuta masa sunan garinsu, wani sunan maigidan ubansa. Aka rubuta Bulus Prosser, aka wuce wurin. Baturen ya mutu a barikin babu mata babu ɗa, kuma kakanmu yana cikin waɗanda suka haƙa masa kabari. Iyakar dangantakarmu da shi ke nan. A Bukuru kowa ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa abin ɓoyewa.

Yaya ya zo karatun jami'a a garin College Park, ya gama, ya samu aikin kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati na unguwar Southwest a babban birnin ƙasar. Ni na biyo shi daga baya da aikina na jinya. Wata Asabar da rana, tun zamanin da ake raba littafin lambobin waya gida-gida, wata tsohuwar Baturiya ta kira shi. Madam Elina sunanta, ita ma Prosser ce ta wajen uba, kuma bin littafin take yi tana kiran duk mai wannan suna. Suna da ƙungiya ta masu bin salsalar gidan. Asalinsu wani ɗan gari ne a bakin iyakar Wales da Ingila, inda kakanninsu ba sarakuna ba ne, amma masu filaye ne, irin waɗanda ke da kujerarsu daban a coci, talakawa na cire musu hula a hanya. Sun bi diddigin kowa sun samu, sai ɗa guda da ya tafi Najeriya aikin kuza aka daina jin ɗuriyarsa. Da Yaya ya ambaci Jos, sai ya ji tsohuwa ta fashe da kuka a waya.

Ya tafi gidanta da niyyar ya warware mata zance. Ya tarar ta tara dangi cike da falo, an shirya tebur. Ta tarye shi tun daga ƙofa, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta ce wa jama'a su dubi kunnuwan nan, na mahaifinta ne sak. Kunnuwan Yaya kuwa na Mama ne, duk danginta haka suke da su kamar faifai. Da na iso ƙasar nan ya ba ni labari, na ce masa me ya hana shi magana. Ya ce, “Ladi, tsohuwa sa'ar Mama ta dafa min abinci, tana riƙe da fuskata tana kuka, sai in buɗe baki a gaban 'ya'yanta in ce ba haka ba ne? Na ce zan bari sai mun keɓe.”

Mai karatu da ya tashi a gida ya san wannan abu, kara ce. An hore mu kada mu ƙaryata babba a bainar jama'a, kada mu ci abincin mutum mu kunyata shi kafin kwano ya bushe. A gida in ka yi shiru irin wannan, babban yakan gane da kansa, ko wani ya je ya raɗa masa. A nan ba mai raɗawa. Shirunka a wurinsu amincewa ce, kuma kafin mako ya zagayo sun zana sabon reshe a babbar takardar salsalarsu, sun rubuta sunan Babanmu a matsayin ɗan manajan kuza. Gotom, wanda ya haife shi, bai samu ko gefen takardar ba.

Da mugaye ne, da abin ya zo da sauƙi. Ba mugaye ba ne, wannan ne ya ɗaure shi. Lokacin da matarsa Marta ta yi doguwar jinya ta rasu, ta bar masa Rifkatu tana 'yar ƙarama, mutanen nan ne suka cika rabin cocinmu. Su suka riƙa karɓa-karɓa wajen ɗauko yarinyar daga makaranta. Madam Elina kan ɗauke ta duk ƙarshen mako, ta yi ta fama da gashinta da wani mataji da ba a yi shi don irin kanmu ba, ta dawo mana da ita kamar an yi dambe. Yarinya ta tashi tana ce mata Kaka. Kowane alheri sai ya zama wani kwaɗo da aka ƙara wa ƙofar. Wanda ya kasa faɗin gaskiya saboda kwanon abinci guda, ta yaya zai faɗe ta bayan an raina masa marainiya?

Sai ya ɗauki wata hanya ta biyan abin da yake gani ya ci ba da haƙƙi ba. Ya zama shi ne jakin ƙungiyar. Duk hutunsa a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu yake ƙarewa. Ya san wane Prosser ne ya auri 'yar wa, wane ne ya yi shari'a da ƙaninsa a kan injin niƙa, wace ce ta gudu da mai kula da dawaki. In ya fara jero su a teburin cin abinci sai na ce masa ya isa haka, tuwo na hucewa. Har garin nasu na asali ya bi su, ba sau ɗaya ba. A cocin garin akwai wani kakansu da aka sassaƙa da dutse, kwance da sulke, hancinsa a gutsure, kare a ƙafafunsa. Suka miƙa wa Yaya furanni ya ajiye a madadin reshen Afirka. Da ya dawo ya ce min, “Na je na gaida kakan maigidan kakana.” Muka yi ta dariya har hawaye, can na lura nasa hawayen ba su tsaya ba bayan dariyar ta ƙare.

Abin da ban yafe masa ba, kuma zan faɗa ko da yana kabari, shi ne ya ƙi kai Rifkatu gida. Ya yi ta kawo hujjar tsadar jirgi da ƙarancin hutu, amma ni na san dalili. Tsoro yake kada wata tsohuwa a Bukuru ta ce mata jikar Gotom kuku, yarinya ta dawo ta faɗa a teburin Madam Elina. Babanmu ya rasu bai san jikarsa ba sai a hoto. Ƙauyen nan na bayan Pankshin, da Baba ya yi ta roƙo a kai shi ya ga dangin ubansa kafin ƙafa ta gaza, Yaya bai taɓa taka shi ba. Mutumin da ya san kabarin kowane Prosser a wata ƙasa bai san inda aka binne kakan kakansa ba. Wannan yana ci min rai har gobe.

Mun sha yin faɗa a kai. Amsarsa guda ce kullum: “Ki bari tukuna, Ladi. Tsohuwar nan kwana nawa ya rage mata? In ta kwanta dama zan zaunar da Rifkatu in gaya mata komai.” Haka ya zauna yana jiran mutuwar matar da yake ƙauna, yana kuma jin kunyar jiran. In ta yi mura sai ya ruɗe ya kai ta asibiti da kansa. Ashe shi ne zai riga ta. Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki, ya yi 'yan kwanaki a asibiti, kuma maganar da ya iya yi min ta ƙarshe mai ma'ana ita ce dai wannan, in bari tukuna. Madam Elina ta zo jana'iza tana dogara sanda, ita ta zaɓi tambarin da ke kan dutsen, ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Ta riƙe hannuna tana kuka ta tambaye ni ko ya yi kyau. Na ce ya yi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Duk wahalar da ya sha yana shaƙar ƙurar takardu, yanzu ta zama aikin tofa yawu a 'yar kwalba. Ka aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni na'ura ta gaya maka daga ina jininka ya fito, kuma na'ura ba ta san kara ba. A taronsu na bana ƙungiya ta yanke cewa kowa ya yi, a haɗa sakamako wuri guda kowa ya gani. Ina jin da Yaya yana nan da ya yi kwana da kwanaki bai runtsa ba. Wani lokaci kuma sai in ga kamar da ya yi ajiyar zuciya, tunda ga abin da zai faɗa a madadinsa ba tare da ya dubi idon kowa ba.

Madam Elina tana nan da ranta. Ta haura casa'in, tana gidan kula da tsofaffi kusa da Beltsville, tana cin abincinta tas, tana kuma gyara wa ma'aikata Turancinsu. Ni ce nake kai mata ziyara yanzu, tana gabatar da ni ga kowa a matsayin 'yar uwarta. Rifkatu ta yi aure, tana da tsohon ciki, kuma ta riga ta sanar cewa in namiji ne za ta sa masa sunan mutumin nan na dutse mai gutsurarren hanci.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sujada, muka je kabarin ni da Rifkatu. Ta ajiye furanni, ta buɗe jaka ta nuna min kwalbar, ta ce gobe za ta aika. Da Turanci take min magana kamar kullum, ina amsa mata da Hausa. Na dubi dutsen, na dubi cikinta, na ga in ban faɗa ba na'ura za ta faɗa mata a gaban mutanen da suka raine ta. Na ce ta zauna a benci. Na gaya mata duka, tun daga bariki har zuwa malamin mishan da alƙalaminsa.

Na shirya wa fushi, na shirya wa kuka. Sai ta tambaye ni, da Hausarta mai tsami wadda rabon da in ji ta tun tana firamare, “Anti, yaya sunansa?”

Na ce, “Gotom. Gotom ɗan Wungak. Ya iya gasa burodi a cikin tukunyar ƙasa, kuma ba ya cin abin da yake dafa wa Bature, sai ya dawo gida ya ci tuwon acca.”

Ta maimaita sunan a hankali har ya zauna mata a baki. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai an buɗe ƙofar nan. Ta mayar da kwalbar cikin jaka ta ja zif. Sannan ta kama hannuna ta ce za ta gaya wa ƙungiya kwalbar ta ɓata a hanya. Ta ce, “Anti, kada Kaka ta ji. Ta tsufa, ba za ta iya ɗauka ba. Mu bari tukuna.”

Ban taɓa gaya mata kalaman ubanta ba, ba ta taɓa jin su daga bakin kowa ba. Na so in yi mata faɗa kamar yadda na yi masa shekara da shekaru, amma sai na ce mata to.

In aka tambaye ni me ya rage na Istifanus bayan shekara bakwai, ba zan nuna dutsen ba, domin sunan da ke kai na aro ne. Ba zan nuna takardun da ya tara ba, na wasu mutane ne. Abin da ya bari shi ne wannan taushin zuciya da ba ya iya ɓata wa tsohuwa rai ko da zai cinye shi, kuma na gan shi da idona a fuskar 'yarsa. Ina alfahari da shi, ina kuma jin tsoronsa. Na rubuta wannan da Hausa ne saboda na san ba mai karanta wa Madam Elina, ku ga ni ma ban kuɓuta ba. Amma ko sau ɗaya a buga shi daidai a takarda: Istifanus ɗan Bulus, ɗan Gotom kuku, ɗan Wungak. Ubangiji ya ba shi hutawa. Ranar Asabar ni da Rifkatu za mu je gaida tsohuwar, ta ce a zo mata da hoton cikin ta ga ko yaron ya ɗauko kunnuwan.